Kada a Binne Shi

Shekarar da Turawa suka ja dogo ya ratsa Malam Madori ya nufi Nguru, a shekarar ne Tukur ya naɗe buzunsa, ya rataya gora, ya kama hanyar Makka a ƙasa. Masu tsokana suka ce ya jira ya hau jirgin mana, ya ce gabas ɗin da jirgi yake zuwa ai bayan gida ce in aka gwada ta da tasa. Ya bar matarsa Safara'u a cikin garin Haɗeja, a sashensu na gidan yayansa Shu'ibu, ya ce da ita in Allah ya yarda ba zai wuce damina biyu ba. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ko ɗaga kai ba ta yi ta dube shi ba. Fulanin gida ne su, tun zamanin kakanni aka jingine sanda aka shigo gari, amma kunyar nan ba a jingine ta ba, tana nan daram. Tun da aka kawo Safara'u gidan ba wanda ya taɓa jin sunan mijinta a bakinta.

Damina biyun nan kuwa sai da suka hayayyafa har suka yi jikoki. Haka tafiyar take a lokacin: mutum ya tsaya nan ya yi ƙwadago, ya tsaya can ya tsinci auduga, in ya sami guzuri ya ƙara gaba. Wani ya zo ya ce an gan shi a Fallomi ta ƙasar Cadi, wani ya zo ya ce ya haye teku, daga nan kuma sai shiru. Safara'u ta yi jira har jiran ya zama sana'a. Ga wani tari da take fama da shi tun tana amarya, wanda yake tasowa duk sa'ad da kogi ya cika ya malale fadama, danshi ya shiga ɗakuna. Ba abin da ba ta sha ba, daga citta da kanumfari har rubutu da sassaƙe. Da Tukur yana nan, in tarin ya turnuƙe ta ba ya cewa komai, don shi ba mai magana ba ne. Sai dai ya miƙe ya ɗebo ruwa a moɗa ya ajiye kusa da ita, ya fita kamar wanda aka aika.

Abin da ya riƙe ta a shekarun nan ɗan filin da ke bayan ɗakinta ne, wanda bai fi shimfiɗar 'yan tabarmi ba. Nan take da ɗoɗɗoya da na'a-na'a, da barkono da yakuwa, ga lalle a jikin katanga. Matan unguwa sun san hannunta da albarka, suna cewa ko tsinke ta soka sai ya yi ganye.

Wani hantsi sai ga sallama a zaure. Alhaji Fannami ne, wani Babarbare mai fataucin kanwa daga wajen Birniwa, wanda hanya ta haɗa shi da Tukur, suka yi aikin hajji tare, suka juyo tare. Shi kaɗai ya iso. Kafin a jima zaure ya cika, har da liman, Safara'u kuma tana tsaye a bayan zana tana jin komai. Hausar Fannami irin ta mutanensu ce, wadda mace takan zama "ya zo", namiji ya zama "ta tafi", ba ruwansu. Da ranar daɗi ce da Fulanin gidan sun sa shi gaba da tsokana kamar yadda aka saba, amma ranar ba wanda ya ko murmusa. Ya ba da labarin yadda zazzaɓi ya kama Tukur a wani ƙauye cikin ƙasar Wadai, ya yi jinya a rumfar wani bawan Allah, har rai ya yi halinsa.

Aka yi salati, aka yi addu'a. Sai liman ya tambaya ko mamacin ya bar wasiyya. Fannami ya murza carbinsa.

"Ya riƙe hannuna gam," in ji shi. "Ya ce in gaya wa iyalinsa kada a binne shi. Ya yi ta maimaitawa."

Nan take kowa ya ɓarke da magana lokaci guda, wannan yana a'uziyya, wancan yana tambayar na kusa da shi ko ya ji abin da ya ji. Fannami ya ci gaba da bayani, yana rantsuwa cewa shi dai ya yi masa sutura kamar kowane Musulmi, ya kuma ƙara wasu maganganu, amma ina, hayaniya ta riga ta shanye muryarsa.

Kafin la'asar zancen ya kai bakin kogi wajen masu wanki, kafin Juma'a ya kai Auyo a kwalekwale. Musulmin da ya ƙi kabari, aka ce, ai akwai abin da aka nuna masa. Waɗansu suka ce bokayen hanya ya bi, waɗansu suka ce amanar alhazai ya ci. Masu sauƙin baki ne suka ce zafin zazzaɓi ne, su ma ɗin sai sun karkace baki suke faɗa. Mutane ke nan! Mutumin da suka yi shekaru suna cin goronsa, bai taɓa ɗaga wa ko akuya murya ba, rana ɗaya suka tuɓe masa rigar mutunci, alhali yana kwance a ƙasar da ba tasa ba, ba shi da bakin kare kansa.

Kafin ya tafi, Fannami ya miƙa wa Shu'ibu wani ɗan ƙullin tsumma, ya ce saƙo ne na Safara'u, tun farkon ciwon Tukur ya damƙa masa. Ya ce irin wani ganye ne da Larabawa suke kira za'atar. Tukur ya yi aiki a lambun wani mutumin Sham a kan duwatsun Ɗa'ifa kusa da Makka, ya ga yadda suke dafa ganyen su sha in tari ya kama su, shi ne ya roƙi irin, ya ɗinke shi cikin hularsa ya yi ta yawo da shi. Shu'ibu ya kwance ƙullin ya ga wani abu baƙi-baƙi, ƙanana kamar garin barkono, ya ce wannan ina ya yi kama da iri? Ya shiga gida ransa a ɓace, ya ce wa Safara'u ta kai shi kogi ta zubar, wa ya sani ko wannan garin ne ya juya wa ƙanensa kai. Ta ce to, Yaya. Ta shiga ɗaki ta tura shi can ƙasan ƙwaryar da take ajiye warwaronta.

A cikin takaba takan ɗauko shi ta sansana. Tsumman yana da wani ƙamshi mai ɗan yaji-yaji, ba na ɗoɗɗoya ba, ba na kanumfari ba, ƙamshin da babu irinsa a Haɗeja. Mutuwar ba ta cinye ta kamar yadda maganar ta cinye ta ba. In ta ɗaga hannu za ta roƙa masa gafara, sai kalmar nan ta faɗo mata a rai, ta sauke hannun. Ba ta yarda da abin da gari yake faɗa ba, amma kuma ba ta da abin da za ta ƙaryata su da shi, tunda da kunnenta ta ji. Ta san mutumin da ya fita daga gidan nan, ba ta san wanda hanya ta mayar da shi ba. Da haka ta ƙulla wa ranta wani abu da ba malamin da ya gaya mata: in irin nan ya tsiro, to hannun da ya aiko shi mai tsarki ne. In kuwa bai tsiro ba, wannan ba ta bari tunaninta ya ƙarasa.

Ta fita takaba bazara ta yi tsanani, manoma sun bazu a tudu suna binne. Kowa a ƙasar nan ya san binne: shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, a sara rami da sungumi, a zuba gero, a tura ƙasa da ƙafa a take da dunduniya, a bar wa Allah. Tun mutum yana goye yake ganin haka, iri dai a yi masa rami a rufe shi. Safara'u ta zaɓi wuri mafi kyau a filinta, ta huda ƙasa da yatsa, ta tsakuri irin da farce ta zuba, ta rufe, ta danne da tafin hannu sosai don kada tururuwa ta kwashe.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta yi kore. Sai ga wata matsala da ba ta taɓa zuwa mata a rai ba: ba ta san fuskar abin da take jira ba. Duk ciyawar da ta leƙo a wurin sai ta tsugunna ta murza ganyenta ta kai hanci. Akwai wani tsiro da ta ga kamar baƙo ne, ta kewaye shi da ƙaya, ta hana akuya sakat, ta yi ta tarairayarsa kamar ɗan fari. Da ya girma ya yi fure sai ga shi tafasa ce, tafasar nan dai da ke cike da juji. Facalarta Ramatu, matar Shu'ibu, ta leƙo ta katanga ta tambaya ko ita ma tafasar daga Makka aka kawo ta. Ba da mugunta ta faɗa ba, har Safara'u ta taya ta dariya. Da ta juya ta tuge tafasar ta yi miya da ita, don ba a asarar ganye.

Da sanyi ya shigo ta kai kukanta wajen Sa'idu mai lambu, wani dattijo maƙwabcinsu da yake da jigo a bakin kogi, inda yake noman albasa da alkama. Shi kaɗai ne a unguwar bai taɓa sa baki a zancen Tukur ba. Ya dubi irin a tafin hannunta, ya ce laifin ƙasar gida ne, ba ta da ƙarfi, kuma damina ba lokacin baƙon iri ba ce. Washegari ya turo jakinsa da mangala cike da baƙar lakar fadama. Ya haɗa ta da takin awaki, ya ja ɗan fangali mai kyau kamar na albasa, ya barbaɗa irin, ya rufe da laka, ya shimfiɗa ciyawa a kai don kada rana ta taɓa shi. Ya ce abin da ya sha tafiya haka ƙishirwa ce take damunsa, ta ba shi ruwa safe da yamma, kada ta yi masa rowa.

Ta ba shi kuwa. Ta ja guga har tafin hannunta ya yi kanta, tana ja tana tari, tana tari tana ja. Fangali ya jiƙe sharkaf, gansakuka ta rufe shi, har kwaɗi suka samu wurin zama. Kullum da safe takan ɗaga ciyawar ta leƙa, kullum ta mayar ta rufe. Sanyi ya wuce, zafi ya dawo, ko ɗigon kore na kirki bai fito ba. Sa'idu da kansa kunya ta kama shi, har ya fara sauya hanya in zai tafi lambu. Daga baya ya ce mata wataƙila irin ne ya mutu a hanya. Ta ce wataƙila. Amma ta ga yadda Shu'ibu yake kallon fangalin in ya wuce, kallon wanda ya ce ai dama na faɗa.

Karo na uku ba ta shawarci kowa ba. Ta sami wata tukunya da bakinta ya fashe, ta cika ta da ƙasa, ta tura irin can ciki har iyakar yatsanta, ta ce yanzu kam ba tururuwa, ba kaza, ba idon mutane. Shekarar ce kogi ya yi cikar da aka daɗe ba a ga irinta ba, ya cinye shinkafar fadama, ya shigo gefen gari yana kayar da katangu. Safara'u ta ɗauki tukunyar ta shigar da ita ɗaki, ta ajiye a lungu mafi duhu bayan gado, ta rufe da faifai. Ita kanta tana kwana cikin yoyo, amma tukunya ba ta ga ɗigo ba sai wanda ta zuba mata da hannunta. Da ruwa ya janye ta fito da ita, ta zazzage a tabarma, ta yi ta tona ƙasar da yatsa tana neman ko ƙwaya ɗaya. Laka ce kawai mai wari.

A duk tsawon lokacin nan Fannami bai sake taka unguwar ba. Sau ɗaya ta hango shi a kasuwa a layin 'yan kanwa, da suka haɗa ido sai ya sunkuya yana gyara buhun da ba abin da ya same shi. Ita ma ba ta matsa ba. Me za su ce wa juna?

Bayan an gama kaka, sanyi ya sake kawo kai, wata safiya ta ɗauko ƙullin. Ba sauran abin tsakura, sai 'yan ƙwayoyin da suka maƙale a lungunan tsumman. Ta fito tsakar gida da niyyar ta nemi wani wurin kuma, ta zauna a gindin zogale kusa da randa don ta huta tukuna. Randar tana zaune ne a kan yashin da Tukur ya taɓa ɗebowa daga kogi da rani, kullum wurin da ɗan danshi saboda tsattsafin da take yi. Nan tari ya kama ta, irin mai fitar da hawaye. Da ya lafa ta dubi fartanya a jingine, ba nisa, amma wallahi ji ta yi kamar an ce ta tafi Makka ta ɗauko ta. Ta gaji. Ta gaji da jan guga, ta gaji da sansanar ciyawa, ta gaji da kare mutumin da ita kanta ba ta san ko yana da gaskiya ba. Ta ce a ranta, in ma haka ka ƙare, kai da Ubangijinka, ni kam na yi iyakacin yina. Ta buɗe tsumman ta kakkaɓe shi nan a kan yashin, kamar mai kakkaɓe dusa daga zani, ta cusa shi a jikin zana ta koma ɗaki ta kwanta.

Kwanciyar ta zama jinya. Ramatu ce take kawo mata kunu, ta cika randa, ta koma nata aikin. Tsakar gida ba mai shara, kajinta kuwa tun damina ciwo ya share su. Da ta fara samun ƙarfin fitowa shan hantsi, ta lura da wasu 'yan kore-kore a kan yashin randa, ƙanana kamar ƙwarƙwata. Ta ja tsaki, ta ce ciyawa ba ta da zuciya, inda ba a gayyace ta ba nan take zuwa. Da tana da ƙarfi da ta share su, rashin ƙarfin ne ya cece su. Suka yi ta tasowa a hankali, suka yi 'yan karare siri-siri masu ja-ja, da ganye ƙanana da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Ba ta ƙara kula su ba.

Ran nan ta zo ɗiban ruwa, moɗa ta suɓuce daga hannunta ta faɗa a kansu. Ta sunkuya ta ɗauka. Kafin ta miƙe ƙamshin ya bugi hancinta. Ta tsaya a sunkuye, ba ta yarda da hancin ba, don ya sha yaudararta. Ta je ta zaro tsumman daga jikin zana ta sansana, ta dawo ta murza ganye ɗaya ta sansana. Shi ne. Ta zauna daɓas a ƙasa.

Tana nan zaune Sa'idu ya yi sallama, ya kawo mata lawashi na dubiya. Ta nuna masa da hannu. Dattijon ya tsugunna, ya sansana, ya ɗan tona gefe da tsinke, ya ga saiwoyi a cikin yashi tsura, ba taki, ba laka. Ya tambaye ta zurfin ramin da ta yi. Ta ce ba ta yi rami ba, kakkaɓewa kawai ta yi ta tashi. Ya girgiza kai yana dariyar kansa.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ashe mu ne muka yi ta kashe shi da gata. Shi wannan ba ya so a binne shi."

Ya ci gaba da surutu, yana cewa da ya tuna da irin taba da bai tafka wannan wautar ba, ga shi abin rana yake so da iska, ruwa kuma ɗan kaɗan. Safara'u ba ta ji sauran ba. Kalmomin nan na ƙarshe ne suke ta juyawa a kanta, a muryar Sa'idu, sannan a muryar Fannami a zaure, sannan a wata muryar da ta daɗe ba ta ji ba.

Ranar kasuwa ta yafa mayafi, ta tsinki ɗan reshe guda ta dunƙule a hannu, ta nufi layin 'yan kanwa tana tafiya tana hutawa. Fannami ya tsufa fiye da shekarunsa, gemun ya yi fari fat, wuyan ya shige cikin riga. Da ya ga wajensa ta nufo ya rasa inda zai sa kansa. Ta durƙusa suka gaisa, ya tambayi gida, ta tambayi hanya, aka yi ta jan gaisuwa don ba mai son ya kai ƙarshenta.

"Alhaji," ta ce, "tambaya na zo yi. Ba yadda ka gaya wa mutane nake so ba, yadda ta fito daga bakinsa nake so. Cewa ya yi kada a binne ni, ko kuwa kada a binne shi?"

Fannami ya dube ta. Ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar, shi ma bai taɓa yi wa kansa ba. Ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi, ya koma rumfar nan ta Wadai.

"Shi," ya ce a hankali. "Ka gaya mata kada a binne shi. Haka ya ce."

Ya fara bayani cewa shi ya ɗauka zafin ciwo ne ya sa Tukur yake kiran kansa haka, kuma waɗannan ƙananan kalmomin na Hausa dama ba ya riƙe su da kyau, ballantana ƙullin ya kwana biyu a aljihunsa har ya manta da shi. Wa zai ji mai gargarar mutuwa yana zancen binnewa ya kawo iri a ransa? Ba ta katse shi ba. Ta buɗe hannunta kawai ta miƙa masa reshen. Ya karɓa ya kai hanci, ya san ƙamshin, don ya sha jin sa a hular abokin tafiyarsa. Ta gaya masa na rami da na laka da na tukunya, ta gaya masa na yashin randa.

Babban mutum, alhaji guda, sai ga hawaye yana bin gemunsa a tsakiyar kasuwa. Ya ce da hannunsa ya haƙa kabarin, duk ƙasar da ya tura sai ya nemi gafarar Tukur, yana ganin ya ci amanar mamaci. Ya ce tun daga ranar bai ƙara cin abinci ya ji daɗinsa ba. Ya ce kuma bayan waccan maganar Tukur ya yi kalmar shahada tiryan-tiryan, da ita ya cika, ya faɗi haka a zaure, amma a lokacin ba mai saurarensa.

"Ka daina kuka, Alhaji," in ji Safara'u. "Kai dai wanda ya kamata a binne shi ka binne. Ni ce na yi ta binne wanda bai kamata ba."

Ta roƙe shi ya zo zaure bayan la'asar ya maimaita a gaban Shu'ibu da liman, ya ce ko da rarrafe zai zo. Ta san dai gyaran ba zai yi gudun da ɓarnar ta yi ba. Maganar da ta kai Auyo kafin Juma'a, wannan in ta kai ƙarshen unguwa kafin damina an gode Allah, don ba ta da daɗin taunawa. Ko a jikinta. Ba don su ta yi ta jan guga ba.

Ta dawo gida rana ta take, ta zauna a gindin zogale. Ta zaci farin ciki za ta yi, sai ta ji wani haushi mai zafi ya taso mata. Kai wannan mutum! Kana kwance a rumfar wani, a ƙasar da ba ka san kowa ba, numfashi yana ƙare maka, ba ka aiko a yafe maka ba, ba ka aiko a gai da dangi ba, abin da ya dame ka tarin wata ne a Haɗeja. Shekara da shekaru kana ajiye ruwa ka fita ba magana, ranar da ka buɗe baki kuma aka ji ta a karkace. Ta dubi 'yan tsiran, ba su ma isa a tsinka a dafa ba tukuna, sai wata shekarar in da rai.

"Allah ya jiƙan ka, Tukur," ta ce, a fili.

Ramatu tana tankaɗe a bayan katanga, sai hannunta ya tsaya cak, don tun da take ba ta taɓa jin sunan nan a wannan bakin ba. Ba ta leƙo ba. Tari ya taso wa Safara'u, ta jira har ya lafa. Sannan ta miƙe da kanta ta ɗebi ruwa a moɗa ta sha, ta tsiyaya ɗan ragowar a kan yashin, kaɗan, ba da yawa ba.